Shekarar da Na Zaɓi Mahaifinku

Ku uku kun tashi da labari guda a kan mahaifinku, kuma ni ce na bar ku da shi. Labarin shi ne na tsince shi lokacin da duniya ta juya masa baya, na yi jinyarsa, na aure shi ba shi da ko tabarmar kirki, da ya miƙe kuma sai ya tattara ya koma Kaduna ya bar ni da ku. Babu ƙarya a ciki, amma bai cika ba. Kwanakin baya da na je wurin Maryamu, na ji tana yi wa 'yarta faɗa a kan wani saurayi, tana cewa kada ta yarda ta yi wa namiji irin wahalar da Kaka ta yi, don namiji ba ɗan goyo ba ne. Ina zaune ina tsince shinkafa, maganar ta tsaya mini a rai. Mahaifinku ya riga mu gidan gaskiya, ba shi da bakin kāre kansa. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta muku yadda abin ya kasance, tun idona yana gani.

Sai na fara da gidanmu, don can abin ya samo tushe. Mun tashi a wata 'yar unguwar masu bi, wato Kirista, a gefen Kurmin Kogi. Innarmu ta rasu wurin haihuwar ƙanwata Talatu, ina yarinyar da ba ta gama iya ɗaura zani ba. Ba a daɗe ba Baba ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Daga ranar na zama uwar gida. Ni ce ɗiban ruwa, ni ce goyon Talatu, ni ce juya Baba a kan gado da ba shi kunu a baki. Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, sai sunan ya bi ni da gaske. Masu zuwa gaisuwa kowa da abin da zai faɗa, Saratu 'yar albarka, Saratu ba ta gajiya. Tsarana suna gaɗa a dandali, ni ina wankin zannuwan gado. Ban ji haushi ba, ku gane wannan. Abin da na sani shi ne duk lokacin da na ɗaga labule na shiga, fuskar Baba sai ta saki, kamar wanda ya daɗe a rana ya sami inuwa. Wannan sakin fuskar shi na sani da sunan ƙauna. Ban san akwai wata iri ba. Daga baya matar Fasto ta tsaya mini na gama firamare a makare, na yi ɗan kwas, aka ɗauke ni aiki a wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi. Ƙanwar Baba, Gwaggo Lami, ta dawo gidanmu bayan rasuwar mijinta, ita ke kula da shi in na tafi aiki.

A shekarar da nake ba ku labari, sojoji ba su daɗe da karɓar mulki ba. Ku ba ku san wannan zamani ba sai a bakin mutane. Sabulu ya zama abin ɓoyewa a ƙarƙashin gado. Madara da sukari sai wanda ya bi layi a Ikara tun da safe, soja na tsaye da bulala, wani lokacin a zo kanka a ce kaya sun ƙare. A asibitinmu kwalaben magani sun koma na ado, sai dai mu rubuta wa mutum sunan magani mu ce ya nemi kemis. Albashi kuwa sai ya ga dama yake zuwa. A cikin wannan ƙuncin ne nake da saurayin da duk unguwa ake taya ni murna da shi. Sunansa Iliya, mutumin wajen Nasarawan Doya, manomin rake. Yana da injin matsar rake irin wanda doki ke zagayawa da shi, yana dafa mazarƙwaila, kuma ɓacewar sukari ta zame masa alheri, don 'yan sari har daga Kano suke zuwa ƙofar gidansa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, da wushirya, ban taɓa ganin mutum mai saurin dariya kamarsa ba. Ran Lahadi bayan an tashi sujada zai hau kekensa ya taho da mazarƙwaila a ƙunshe, ya zauna gaban Baba yana ba shi labarin dokinsa mai taurin kai, har Baba ya yi dariyar nan tasa ta gefen baki guda, hawaye na zuba. An riga an kawo kayan na-gani-ina-so, manya sun fara maganar sa rana bayan kaka.

Ina jin daɗin zuwansa, kada ku ce ba na ji. Amma akwai abin da ke damuna game da shi wanda a lokacin ban iya ba shi suna ba. Iliya ba ya buƙatar komai. Rigarsa in ta yage shi ke ɗinke abarsa. Mahaifiyarsa na nan da ƙarfinta, 'yan'uwansa mata sun kewaye shi. In na tambaye shi ko akwai damuwa, sai ya ce damuwarsa guda ce, nisan da ke tsakanin Lahadi da Lahadi. In na zauna kusa da shi sai in rasa inda zan sa hannuwana. Da damina ta zauna ya ɗauke ƙafa na ɗan lokaci, da ya dawo sai na gan shi a rame, idanu sun faɗa. Ashe zazzaɓin cizon sauro ne ya kayar da shi, har gidansu sun fara tsorata.

Na ce, “Iliya, ina aikin asibiti, ka kwanta haka ba ka aiko mini ba?”

Ya ce, “In aiko miki ki yi me? Marasa lafiya ba su ishe ki ba, na gida da na asibiti? Ni ba don ki yi mini wahala nake neman ki ba. So nake in kai ki gidan da za ki miƙe ƙafa.”

Yana faɗa yana murmushi, a ganinsa ya faɗi magana mai daɗi. Mai daɗin ce kuwa. Amma abin da kunnena ya ji daban ne. Na ji kamar ya ce a gidansa ba ni da amfani. Na yi kwanaki ina juya maganar, ina tambayar kaina wace ce Saratu a gidan da babu mai jiran ta ɗaga shi.

Mahaifinku kuwa na san shi tun kafin wannan, kuma ba ya burge ni ko kaɗan. Habila malamin gona ne, mutumin kudancin Zariya, yana yawo ƙauyuka a babur na gwamnati yana koya wa manoma sa takin zamani da feshi. Dogo ne, rigarsa kullum a goge, biro a aljihu, Hausarsa da ɗan karkata irin ta mutanensu. In ya zo majami'armu a gaba yake zama, muryarsa a waƙa ta fi ta kowa tashi. 'Yan mata suna rububinsa. Ni kallon mai ji da kai nake masa, shi ma ba na jin ya san ina wurin. Sai aka shiga korar ma'aikata. Mutum zai tafi ofis da safe, kafin azahar ya dawo ba shi da aiki, ba a kuma gaya masa laifinsa ba. Guguwar ta haɗa da Habila. Aka karɓe babur, aka karɓe ɗakin da yake ciki. Mutane da ba su san dalili ba sai suka ƙirƙiro nasu, wai taki ya sayar. Bai sayar da komai ba, daga baya kowa ya gane haka, amma a lokacin waɗanda ke yi masa fadanci saboda buhun taki su suka fara sauya hanya in sun hango shi. Gida kuma ya kasa komawa, don iyayensa sun sayar da abin hannunsu sun sa shi makaranta, ƙannensa duk shi suke kallo. Ya kama wani ɗan ɗaki a bayan kasuwar Ikara, ya daina zuwa sujada, aka daina jin ɗuriyarsa.

Wata ranar kasuwa na shiga Ikara neman maganin Baba, sai wata tsohuwa mai sayar da daddawa, wadda na taɓa wanke wa miki a asibiti, ta riƙo mini gefen zani.

Ta ce, “'Yar nan, ba ke ce ta asibiti ba? Don girman Allah zo ki duba mini baƙon da ke gidana, kada ya mutu mini a ɗaki. Ɗan addininku ne, kuma ban ga kowa nasa ba.”

Na bi ta. Ɗakin ba taga, sai warin ciwo. Ashe Habila ne. Rigunan nan nasa na guga suna rataye a ƙusa, shi kuma yana ƙasa a kan tabarma, kwance cikin amansa, leɓe ya tsattsage, jiki kamar garwashi. Taifot ne, kallo ɗaya na gane. Da ya buɗe ido ya shaida ni, sai ya juya fuska bango.

Ya ce, “Sista, don Allah ki fita. Kada ki gan ni haka.”

Ban fita ba. Na ɗaure zani, na ce tsohuwar ta ɗora mini ruwan zafi. Ina goge masa jiki na ji wani abu ya buɗe a ƙirjina, wata natsuwa ta sauko mini wadda ban taɓa ji a gaban Iliya ba. Hannuwana sun san aikinsu. Daga ranar, in na tashi aiki sai in tari a-kori-kura in tafi Ikara da kunu ko fate a kwano, in yi masa allura, in share ɗakin, in dawo kafin magariba. Sannu a hankali ya fara zama, ya fara cin tuwo. Yana jin takuna a ƙofa fuskarsa za ta saki. Wata rana ya ce ba don ni ba da tuni ciyawa ta fito a kansa, kuma duk garin nan ni kaɗai ce ban tambaye shi ko ya saci takin ba. Na dawo gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Na ce a raina ashe wannan shi ne son da ake faɗa, wancan na Iliya sabo ne kawai.

Ba a ɓoye irin wannan a ƙauye. Kafin a fara yankan dawa magana ta kai gidanmu. Wata rana da hantsi Gwaggo Lami tana ɓarar masara a tsakar gida, Baba yana jingine a inuwar rumbu inda muka fito da shi shan iska, sai ta kira ni ta ce in zauna.

Ta ce, “Saratu, lokacin da yaron nan yake kan babur, rigarsa na ƙamshin guga, kin taɓa ɗaga ido kin dube shi?”

Na ce ban taɓa ba.

Ta ce, “To me ya ƙaru a jikinsa yanzu, ban da ciwo?”

Na ce, “Gwaggo, yanzu na san halinsa.”

Ta ce, “Halin mara lafiya kika sani. Mara lafiya ai kowa mai ladabi ne. Ki bari ya warke ki ga ko kin san shi.”

Na ce mata ita abin duniya take kallo, mazarƙwailar Iliya ce ta rufe mata ido. Ta kau da kai ta ci gaba da ɓararta, don ba ta saba jin irin wannan daga bakina ba. Sai Baba ya ɗaga hannunsa mai lafiya. Maganarsa a hankali take fita, sai ka matso ka kasa kunne.

Ya ce, “Uwata, ni na ɓata ki. Ba da sona ba, amma ni ne. Kin tashi kina ganin namiji abin ɗagawa ne da kwantarwa. Ba haka Ubangiji ya shirya aure ba. Ba zan hana ki ba, ba ni da bakin hana ki komai a duniyar nan. Amma Iliya ke yake so. Wannan kuwa, ban sani ba ko ke yake so ko hannunki.”

Na tashi na shige ɗaki ina kuka. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne kalmar ɓatawa. Duk abin da ake yabona da shi tun ina yarinya, yau Baba ya kira shi ɓatawa. Maimakon in tsaya in auna maganar, sai zuciyata ta ƙara taurara. Na ga kamar duniya duka ta taru a kan Habila, har da gidanmu, kuma ni kaɗai na rage masa.

Akwai abin da ya kamata ku sani a nan, don shi ne ya fi wanke mahaifinku. Ba shi ya fara maganar aure ba, ni ce. Na same shi zaune a ƙofar ɗakin yana wa tsohuwar gyaran kujera, na ce masa na yanke shawara zan mayar da kayan Iliya. Ya ajiye gudumar da ke hannunsa.

Ya ce, “Sista, ba ni da abin da zan ba ki. Mutumin nan kuma bai yi miki laifi ba.”

Na ce ni ban tambaye shi komai ba, Allah da ya tashe shi zai buɗa masa. Sai ya ce to, in na ga haka ya fi. A lokacin na ɗauka kunya ce da tawali'u. Sai da na tsufa na gane cewa mutum ba ya iya cewa a'a ga wadda ta wanke masa amai. Ni tausayi na ɗauka so ne, shi kuma godiya ta ɗaure masa baki. Haka muka shiga aure, kowa da kuskurensa a hannu, kowa yana ganin alheri yake yi wa ɗan'uwansa.

Ban yarda manya su je wa Iliya da maganar ba sai da na je da kaina. Lokacin an fara matsar rake. Na same shi a bakin aiki, dokin na zagayawa, ruwan rake na tafasa a manyan tukwane, ƙamshi ya cika wurin. Da ya hango ni ya taho yana goge hannu a riga, yana dariya, yana cewa yau wace rana. Muka koma gindin wata ɗorawa na faɗa masa. Na ga dariyar tana barin fuskarsa a hankali.

Ya ce, “Me na yi miki, Saratu?”

Na ce bai yi mini komai ba.

Ya ce, “To me ya fi ni da shi?”

Na ce, “Kai kana da kowa, Iliya. Shi ba shi da kowa sai ni.”

Ya dubi dokin nan. Sannan ya ce, “Wato da na karye ƙafa, ko gonata ta ƙone, da kin zauna.”

Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Ya sa aka ƙunsa mini mazarƙwaila ya ce in kai wa Baba, ya raka ni har bakin hanya ya tsayar mini da mota. Bai sake taka unguwarmu ba sai ranar jana'izar Baba. Daga baya ya auri wata Rifkatu, mutuniyar Kudan. Nakan haɗu da ita a taron zumuntar mata, ta yi ƙiba, ita ma ta koyi dariyarsa. Ba zan ce ban taɓa jin komai ba in na gan ta.

An ɗaura mana aure bayan Kirsimeti, ba taro sosai. Shekarun farko na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Habila yana noma gonar Baba da ta daɗe a kwance, albashina in ya zo shi ke riƙe gida, shi kuma bai gama dawowa cikin hayyacinsa ba. Yakan zauna shiru, in lallashe shi, in ƙarfafa masa zuciya. A nan aka haifi Yohanna. Sai wani ɗan kasuwa a Kudan mai sayar da iri da maganin feshi ya neme shi, don manoman dankali da tumatir sun san shi, sun kuma yarda da shawararsa. Cikin ɗan lokaci Habila ya miƙe. Ya sayi dutsen guga na gawayi, riguna suka koma yadda suke. Ya koma zama a gaba a majami'a, muryarsa ta sake tashi sama da ta kowa. Abin da na yi ta roƙo ke nan a addu'a. Amma da ya zo, sai na tarar da wani abu a zuciyata da ya ba ni tsoro. Mutumin nan na kan babur ya dawo, wanda ba ya burge ni, ga shi kuma a ɗakina. Gwaggo tana da rai a lokacin, ba ta taɓa cewa ai na faɗa miki ba, kallona kawai take yi.

Ban san yadda ake zama da lafiyayyen miji ba. Sai na riƙa neman ciwo a jikinsa. In ya yi tari sau ɗaya na kawo magani. In ya dawo da labarin nasara a wurin aiki, sai in ce ya bi a hankali, ya tuna yadda aka yi a baya. Ranar da ya fara samun abin kirki ya sayo mini atamfa mai tsada, ya ajiye a kan gado yana jiran in yi murna. Na ce ai da ya sani taki ya saya, ni ina da zannuwa. Bayan mako na ba Talatu ita, don tana shirin aure. Ranar Lahadi ya ga atamfar a jikinta. A lokacin ina ganin sadaukarwa nake yi. Ban lura ba cewa duk abin da ya miƙo mini sai na mayar, ni kaɗai nake so in zama mai bayarwa.

Abin da ya ƙarasa ɓata tsakaninmu ya faru ranar godiyar kaka. Majami'a ta cika, an jera dammunan dawa da buhunan masara a gaba, aka ce mai shaida ya fito. Na tashi na ba da shaidar yadda Ubangiji ya tashi maigidana. Na faɗi korar, na faɗi ɗakin bayan kasuwa, na faɗi tabarmar da aman da warin, ban rage komai ba, don a ga girman abin da Allah ya yi. Mata suna share hawaye, ana ta amin. Ina magana ina jin daɗi. Sai da na zauna na dubi ɓangaren maza, na ga ya sunkuyar da kai, a gefensa kuwa manoman da ke zuwa neman shawararsa ne. Da aka tashi bai jira ni ba. Na same shi a gida zaune a bakin gado da rigarsa ta sujada.

Ya ce, “Maman Yohanna, yau kin tuɓe ni a gaban jama'a.”

Na ce ai Allah na ɗaukaka.

Ya ce, “Na sani. Ban ce kin yi ƙarya ba. Amma ni na fita daga ɗakin nan tuntuni, ke ce kika ƙi fita. Duk ranar da kika dube ni, mutumin kan tabarma kike nema. In ba ki gan shi ba sai ranki ya ɓaci. Ni kuma duk ranar da na dube ki, sai in tuna ba zan taɓa iya biyan ki ba.”

Na ce masa butulci ne ke magana a bakinsa. Wannan kalmar ita ce ta ƙarshe da ya kamata in faɗa, don ita yake tsoro tun farko. Muka ci gaba da zama, aka haifi Maryamu, aka haifi Auta, amma magana tsakaninmu ta koma ta cefane da makaranta. Da aka yi masa tayin aiki a Kaduna ya ce in bar asibitin mu tafi tare. Na ce Baba fa, marasa lafiyata fa. Baba ya rasu, ban tafi ba, na sami wani dalilin. Gaskiyar ita ce a Kaduna ba wanda ya san labarin tabarmar, can matar Malam Habila kawai zan zama. Shi ke nan ya zama baƙon Kirsimeti da Ista da kuka sani. Bai taɓa ajiye wata mace ba, bai taɓa barin ku babu makaranta ba. Da kuka fara cewa babanku ya gudu ya bar Mama, na ji, na kuma yi shiru, don labarin ya yi mini kyau.

Na yi shekaru a asibiti ina kallon mata da maza, na ga abin ba ni kaɗai ba ce. Ba kasafai mutum ke zaɓen wanda ya fi dacewa da shi ba. Yakan zaɓi wanda a gabansa zai ci gaba da zama abin da ya saba zama tun yana yaro, ko da abin nan wahala ce. Ba na cewa da Iliya na aura da na ji daɗi, wataƙila da shi ma na gajiyar da shi. Kuma ba zan yi da-na-sanin hanyar da ta kawo mini ku ba. Abin da ke damuna shi ne na zauna da mutum shekara da shekaru, na san hawan jininsa, na san abincin da ke ɓata masa ciki, amma ban taɓa zama na san shi ba.

A shekararsa ta ƙarshe, da ciwon suga ya ci ƙarfinsa, Yohanna ya kai ni Kaduna ya ajiye ni ya wuce wurin aiki. Na shiga da kwanukan abinci da niyyar wanki da shara. Na same shi a baranda a kan kujera, ya rame, hannuwansa na rawa. Na ajiye kaya na fara naɗe hannun riga.

Ya ce, “Saratu, akwai mai yin wannan. Zo ki zauna, baƙuwata ce ke yau.”

Rabon da ya kira sunana haka har na manta. Na zauna a takure. Ya ɗauko lemo daga kwano a gefensa, da 'yar wuƙa, ya fara ɓarewa. Wuƙar na zamewa, ɓawon na gutsurewa, ruwan na bin yatsunsa. Raina duk yana kan wuƙar, sau da yawa na yunƙura zan karɓa. Sai na tura hannuwana ƙarƙashin cinyoyina na danne su. Yana ɓarewa yana ba ni labarin ƙuruciyarsa a kan duwatsun garinsu, yadda shi da yayansa suka taɓa bin biri har suka ɓata, aka fito nemansu da ganga. Ban taɓa jin labarin ba. Ya iya ba da labari ƙwarai, yana kwaikwayon muryar kakarsa, har na tsinci kaina ina dariya da hawaye. Ya daɗe kafin ya gama da lemon. Ya miƙo mini shi a lallatse, da guntayen ɓawo manne a jiki.

Na sa hannu biyu na karɓa, na ce na gode. Da ɗaci-ɗacin ɓawon da komai na shanye shi, yana kallona, ya kuma tambaye ni ko zan ƙara. Na ce ya ƙara mini. Bai kai damina ba.